Zumunta a Ƙafa Take: Amsar Wasiƙunku Kan Ƙawancen Matan Katolika

Wasiƙun wannan wata kusan duk daga mata suka zo, kuma kusan duk a kan ƙawa ne: wadda ake nema ba a samu ba, da wadda aka samu a coci, da wadda kuɗi ko baki ya raba ku da ita. Mun taƙaita tambayoyin, mun cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: An yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Damagaram zuwa Maraɗi. Wata bakwai ke nan ina zuwa Misa kowace Lahadi a babban cocin Uwargidanmu ta Lurdes, amma ban da "ina kwana" babu abin da ke haɗa ni da kowa. Da an sallame mu kowace sai ta nufi 'yan ƙasarsu. Ni ce da laifi? Daga wata 'yar'uwa a Ali Ɗan Sofo.

AMSA: Ba laifinki ba ne, 'yar'uwa, amma in kika zauna jiran a zo a same ki, wata bakwai zai koma shekara bakwai. Katolika a nan 'yan kaɗan ne. Dayosis ɗin Maraɗi, wato yankin da bishop ɗin Maraɗi ke kula da shi, da aka kafa a 2001, ya haɗa har da Damagaram da Tawa da Agadas da Difa, kuma da yawa daga cikin masu cika bencin nan aiki ko fatauci ne ya kawo su daga Benin, Togo, Burkina Faso da Najeriya. Matar da sau ɗaya a mako take samun wanda za ta yi yarenta da shi, dole ta ruga wurinsa da an fito. Ƙishirwar yare ce, ba ƙinki take yi ba.

Misar Lahadi ba ta cika haifar da ƙawance ba, don kowa bagadi yake kallo. Aiki ne ke haɗa mata. Ki je wurin katekis, mai koyar da addini a coci, da katin baftismarki, ki yi masa tambaya uku: wace rana ƙaramar jama'ar Katolika ta unguwarku take haɗuwa, wace rana zumuntar mata take zama, kuma wace ce ke kula da sharar coci. Ta ukun ta fi sauran amfani. Mata biyar ko shida da tsintsiya da bokiti, babu mai sauri, hira tana zuwa da kanta.

Ranar Lahadi kuma ki iso da minti 15 kafin a fara, ki zauna benci ɗaya har mako huɗu a jere, don kowa tana da wurin da ta saba zama. Ki zaɓi mace ɗaya, ba goma ba. Ki nemi wani ɗan taimako a wurinta, kamar inda ake samun man gyaɗa mai kyau ko telan da ba ya cin alkawari. Wadda aka nemi shawararta takan ji an ɗauke ta da daraja. Cikin makon nan ki taka har gidanta da ƙuli-ƙuli ko 'yan lemo a leda. Kada ki kai babbar kyauta, don sai ta ji kin ɗora mata bashi.

Abubuwa biyu ke kashe irin wannan tun yana jariri: zazzage mata duk damuwarki a ziyarar farko, da neman rance kafin a saba. Na uku shi ne ki tarar da ɓangare biyu ba sa ga maciji, ki shiga ɗaya tun ba ki san mafarin rigimar ba. Ki gaida kowa, ki ba abin wata uku.

TAMBAYA: Mu huɗu ne, mun shaƙu tun muna ƙungiyar mawaƙa. Muna so mu riƙa haɗuwa muna addu'a kowane mako, mu jawo wasu. Sau biyu muka fara, sau biyu ya watse kafin wata uku. Yaya ake yi ya ɗore? Daga unguwar Zariya.

AMSA: Ba ku faɗa mana abin da ya watsa shi ba, amma muna iya cinka: ko taron ya riƙa tsawo, ko girki ya shigo ciki.

Ku fara da yawan mutane. Shida zuwa takwas ya isa. Da an haura goma, biyu ne za su riƙa magana, sauran su zama 'yan kallo. In kun yi yawa ku rabu gida biyu, ku haɗu gaba ɗaya sau ɗaya a wata. Rana kuma ta zama guda, ba a sauya ta don wata ta yi baƙi. Ku kauce wa Litinin da Juma'a saboda masu zuwa kasuwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarfe 4:30 zuwa 5:30 na yamma, rana ta yi sanyi, kuma kowace ta koma gida kafin magariba. Maigidan da tuwonsa ya makara sau biyu saboda addu'a, a na uku shi zai hana fitar, kuma ba za a ce bai da hujja ba. Ku fara a kan lokaci ko da ku biyu ne, ai Matiyu 18:20 biyu ko uku ya ce. In kuka saba jiran mai latti, kun koya wa kowa latti.

Awa ɗayan nan ga yadda za ku raba ta. Minti 5 gaisuwa da shan ruwa. Minti 20 Rosari, wato addu'ar carbi, goma-goma sau biyar, da asiran da ake tunani a kansu a ranar: na farin ciki Litinin da Asabar, na baƙin ciki Talata da Juma'a, na ɗaukaka Laraba da Lahadi, na haske kuma Alhamis, waɗanda Fafaroma Yohanna Bulus na biyu ya ƙara a 2002. Kowace goma mace daban ta ja, har da wadda ba ta iya karatu ba, don carbi ba ya neman boko. In yarenku ya bambanta, addu'ar "A gaishe ki Maryamu" ta riga ta raba muku gardama, tunda rabi biyu ce: mai ja ta faɗi rabin farko da yarenta, sauran su amsa da Hausa ko Faransanci. Daga nan minti 15 na Bisharar Lahadi mai zuwa. A karanta sau biyu a hankali, kowace ta faɗi jimla ɗaya da ta tsaya mata a rai. Ba wurin wa'azi ba ne, kuma ba a gyara wa wata abin da ta faɗa. Minti 10 roƙe-roƙe. Sauran minti 10 na aiki ne: wa ke kwance, wa ta haihu, su wa za su je, yaushe. Taron da ba ya fitar da ƙafa zuwa gidan wani ba ya daɗewa.

Sai maganar abinci, wadda ita ce ta fi kashe irin wannan taro. Makon farko an sha zoɓo. Na biyu mai gida ta ƙara fanke. Na uku wata ta yanka kaji. Ranar da layi ya zo kan wadda take ɗaki ɗaya a gidan haya, sai ku ji ta aiko kanta yana ciwo, daga nan ba za ku sake ganinta ba. Ku kafa doka tun ranar farko: ruwan sanyi kawai, kowa a tabarma, ko da gidan yana da kujerun alfarma. Haka anko: sau ɗaya a shekara, atamfa mai sauƙi, a sanar wata biyu kafin lokaci. Farfetuwa da Filisita da aka kashe tare a Kartaj a shekara ta 203, waɗanda ake tunawa da su ranar 7 ga Maris, ɗaya 'yar babban gida ce, ɗaya baiwa. In matar babban ma'aikaci da mai wankau ba za su iya zama tabarma ɗaya ba, taron dangi kuke yi da sunan addu'a.

Ku sanar da Fada, limamin cocinku, cewa kuna haɗuwa. Ba izini mai wuya ba ne, amma yana da amfani ranar da wata ta fara cewa an nuna mata a mafarki wance ce ta kama kurwar ɗanta. Irin wannan magana ba a tattauna ta a taro, a dakatar da ita nan take a kai wa Fada. Rukunin WhatsApp, in kun buɗe, na sanar da lokaci ne da rasuwa da haihuwa, ban da saƙon "tura wa mutum goma". Da damina, in akwai masu gona a cikinku, ku koma mako biyu-biyu da shawara, maimakon a riƙa fashi a ɓoye. In kuma kuna son tsarin da aka riga aka gwada, ku tambaya ko akwai Rundunar Maryamu a ikilisiyarku. An kafa ta a Dablin a 1921, taronta na mako ba ya wuce awa ɗaya da rabi, ziyara bibbiyu ake fita, kuma jakar gudummawarta a ɓoye ake sa hannu, ba mai ganin abin da wata ta saka. Wannan dabarar jakar ko ba ku shiga ba ku are ta.

TAMBAYA: Mu goma muka ɗaura adashe, duk 'yan zumuntar mata, jika ɗaya kowane mako. Aminiyata ta roƙi ɗauka ta biyu saboda kuɗin makarantar yara, ni na tsaya mata. Tun da ta kwashe ba ta sake zubi ba, yau mako huɗu. Ta daina zuwa Misar da nake zuwa don kada mu haɗu. Wasu sun ce Kirista yafewa yake, wasu sun ce a kai ta gaban Fada. Kunya ta ishe ni. Daga Bagalam.

AMSA: Mu fara da lissafi, don fushi yakan kumbura abin da bai kai ba. Ta zuba sefa 2,000, ta ɗauki 10,000, saura 8,000 a kanta. Daga ciki 4,000 ne lokacinsu ya wuce. In ba ta sake zubawa ba, mata takwas da ke bayanta kowace za ta karɓi 9,000 maimakon 10,000. Asarar jika ɗaya ce ga kowace. Haɗarin da ya fi wannan shi ne waɗanda suka riga suka ɗauka su ce su ma sun fasa, nan ne ta ƙarshe za ta tashi hannu wofi.

Masu cewa a yafe sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Fushin da ke zuciyarki naki ne, kina iya yafe shi yau. Jikarki ma taki ce. Amma kuɗin sauran mata ba naki ba ne da za ki yafe, kuma wata a cikinsu da shi ta shirya sayen buhun hatsi. Sannan ke kika tsaya mata. Tsayawa ba gaisuwa ba ce. In kina da hali, ki riƙa cika gurbinta don adashen ya kai ƙarshe lafiya, bashin ya dawo tsakaninki da ita. In ba ki da hali, ki faɗa wa uwar adashe gaskiya a wannan makon.

Masu cewa a kai ta gaban Fada kuma sun tsallake matakai. Matiyu 18:15-17 ya jera su: ke da ita tukuna, sannan da mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe ikilisiya. Ki je gidanta ke kaɗai, da yamma, ba a ƙofar coci ba, ba a gaban mijinta ko kishiyoyin gida ba. Kada kuɗi ya zama kalmar farko. Ki ce kin yi kewarta a Misa, don gudun da take yi ya nuna kunya ce ke cinta, ba taurin kai ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai ki tambaye ta nawa za ta iya a mako ba tare da yaranta sun kwana da yunwa ba. In sefa 500 ne, mako 16 ta gama. In 250 ne, mako 32. Ku rubuta a takarda, kowace ta riƙe kwafi. Kaɗan da ake biya ya fi alkawarin "zan kawo duka ƙarshen wata", wanda shi ne zai sa ta sake ɓuya.

Nan gaba ku gyara abu huɗu. Ku raba ranar adashe da ranar addu'a, don wadda ba ta da zubi kada ta rasa addu'a ma. Ku fitar da layin ɗauka da ƙuri'a a gaban kowa, sabuwar shiga kuma ta zo a rabin ƙarshe a zagayen farko. Littafi ya zama biyu, a hannun mata biyu. Sannan ku ware asusun gaggawa daban: sefa 100, wato dala 20, kowace mace kowane mako. Ku goma, a shekara 52,000 ke nan. Da akwai shi, da aminiyarki daga nan za ta ranta, ba sai an karya layin adashe ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a 1991 a yankin Maraɗi aka haife shi: akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makulli uku a hannun mata uku, akwatin yana kwana gidan ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban taro. Wasu za su ce ai mu 'yan'uwa ne cikin Almasihu, mene ne na kwaɗo. Kwaɗon nan mai ajiya yake karewa, ranar da mijinta ya matsa mata ta ba shi aro sai ta nuna masa ba ta da makulli.

Tunda muna kan kuɗi, a kula da biki ma. In ana ninkawa, sefa 500 da kika kai wa ƙawa ranar suna, a karo na shida ya zama 16,000. Ƙawaye na gaskiya sukan zauna su ce mun tsaya a nan, a mayar da daidai abin da aka kawo, a sake farawa daga ƙasa.

TAMBAYA: Na faɗa wa ƙawayena uku a wurin addu'a cewa aurena yana tangal-tangal, na ce su sa ni a addu'a. Bayan mako biyu maganar ta kai kunnen uwar mijina. Ban san wadda ta fitar ba. In bar taron? Ba ta faɗi unguwa ba.

AMSA: An cuce ki, kuma abin yana da suna. Katekisim na Ikilisiyar Katolika, a lamba ta 2477, ya ambaci laifi uku a kan mutuncin mutum: mugun zato, da ƙazafi, da fallasa aibin wani ga wanda bai sani ba babu wani dalili mai ƙarfi. Na ukun ne ya same ki. "Ai gaskiya na faɗa" ba ya wanke mai yinsa. "Na faɗa ne don a taya ta addu'a" ma ba ya wankewa, wannan tsegumi ne da ya yafa mayafin coci.

Kada ki tayar da maganar a taro, kowace za ta rantse, ki fito da maƙiya uku. Ki same su ɗaya-ɗaya. Kada ki ce "ke ce?", ki ce "maganar nan ta fita, ko akwai wanda kika faɗa wa, ko da maigidanki ne?" Sau da yawa ta nan take bi: mace ta faɗa wa mijinta da dare ba da mugun nufi ba, shi kuma ya faɗa a majalisa. Wadda ta amsa, ki nemi ta koma wurin wanda ta faɗa wa ta tsayar da maganar. Magana zarar bunu ce, ba za ta dawo duka ba, amma gyaran wajibi ne a kanta. Ki yafe mata. Yafewa ba ta tilasta miki ki sake ba ta ajiyar sirri.

Ba ma ganin ki bar taron. Bulus da ya ji saɓanin Afodiya da Sintiki, a Filibiyawa 4:2-3, bai ce ɗaya ta fita ba, ya nemi wani ya taimaka musu su shirya. Abin da za ki canja shi ne inda kike ajiye kowace magana. A taro ya isa ki ce "ina da buƙata, Allah ya san ta." Bayanin ciki na aminiya ɗaya ce da kika gwada da ƙaramin sirri kika ga bai fita ba. Abin da ya shafi zunubi kuma na wurin ikirari ne, wato furta zunubi ga Fada, inda dokar Ikilisiya ta haramta wa Fada fitar da ko kalma ɗaya ko da za a kashe shi. Ƙawayenki ba su ɗauki wannan rantsuwa ba.

Togiya ɗaya: in ƙawa ta ce ana dukanta, ko ranta ko na yaro yana cikin haɗari, wannan ba sirrin rufewa ba ne. A faɗa mata a fili cewa za a nemi taimako, a raka ta.

TAMBAYA: Na kusa haihuwa. Ina so aminiyata ta zama uwar baftismar jaririn, amma katekis ya ce ba za ta yiwu ba don ba ta karɓi tabbatarwa ba, wato shafewar da ake yi wa mutum bayan baftisma, kuma aurenta ba a ɗaura shi a coci ba. Ta ji haushi ƙwarai. Ba zalunci ba ne? Daga Tibiri.

AMSA: Katekis bai ƙirƙiro ba, doka ta 874 ce a kundin dokokin Ikilisiya. Uwar baftisma sai ta kai shekara 16, Katolika ce da ta karɓi baftisma da tabbatarwa da Jibin Ubangiji, tana rayuwar da ta dace da aikin da za ta ɗauka, kuma ba ita ce mahaifiyar yaron ba. Ana iya ɗaukar namiji ɗaya, ko mace ɗaya, ko namiji da mace, amma ba mata biyu ba. Kirista mai baftisma daga wata ɗarika tana iya tsayawa shaida, muddin akwai Katolika da ya tsaya a matsayin uba ko uwar baftisma.

Kuskuren da aka yi shi ne an yi mata alkawari kafin a tambaya. Masu ciki su ji: a tambayi katekis tun ciki yana wata shida ko bakwai, kafin a furta wa kowa. Kuma a tuna sunan da aka rubuta a littafin baftisma yana nan ko kun ɓata bayan shekara biyu. Shi ya sa ba lada ba ce da ake ba ƙawar da aka fi jin daɗin hira da ita. A duba wadda za ta tambayi yaron ko ya je katekisim yana ɗan shekara tara.

Kada ki jinkirta baftismar don jiranta, Ikilisiya tana so a yi cikin makonnin farko. Ki ba ta wani matsayi da kowa zai gani: ita ta ɗinka farar rigar, ita ke kan tukunya da rabon abinci ranar. Sannan ki ce mata, ba da gori ba, in tana so ta shiga ajin tabbatarwa na manya ta kuma nemi a gyara aurenta a coci, ke za ki raka ta wurin Fada. Ranar da yaron nan zai karɓi tasa tabbatarwar ana iya zaɓarta ta tsaya masa.

TAMBAYA: Wadda ta fi kowa sanin cikina maƙwabciyata ce Musulma, shekara 12 muna tare. Wata a zumunta ta ce bai kamata ta fi 'yan coci kusa da ni ba. Daga Mokoyo.

AMSA: Mama, ki riƙe maƙwabciyarki. A Maraɗi wadda za ta fara jin kukanki da tsakar dare kusan kullum Musulma ce, don ita ce a bayan katangarki. Ikilisiya ma tun 1965, a babban taron Batikan na biyu, ta faɗa a rubuce cewa tana duban Musulmi da girmamawa, ta kuma ambaci yadda suke darajanta Maryamu. Sura ta 19 a Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi. 'Yan Sistan da marigayiya Uwa Mari-Katrin Kingbo ta kafa a wannan dayosis a 2006, yawancin matan da suke aiki da su a ƙauyuka Musulmi ne.

Abin da ke kiyaye irin wannan ƙawance sanin iyaka ne. Ki karɓi naman layya, ki aika mata abincin Kirsimeti da naman da Musulmi ya yanka, a tukunyar da ba ta taɓa abin da addininta ya hana ba. Ki je suna da gaisuwar rasuwa. Kada ki ja 'ya'yanta coci, kada ta ja naki makarantar allo, kada ku yi gardamar addini a gaban yara. Abin da ba za ta iya yi miki ba shi ne ta tuna miki ikirari kafin Ista ko ta ja Rosari da ke. Don wannan ki nemi ko mace ɗaya a zumunta. Ba gasa suke ba.

TAMBAYA: Ƙawarmu mijinta ya rasu wata biyu da suka wuce, yanzu ita ma tana kwance. Danginta suna Togo, yara uku ne. Mu shida muna so mu taimaka amma kullum sai mu taru rana ɗaya, sauran kwanaki babu kowa. Daga Sabon Gari.

AMSA: Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kun yi daidai, tsari ne kawai babu. Ku ɗauki takarda ku ja layi shida, Litinin zuwa Asabar, kowace ta ɗauki rana ɗaya, Lahadi kuma ku je bibbiyu bayan Misa. Mai rana ita ce da abincin yara, da duba ko an sha magani, da kwana in an kwantar da ita asibiti. In uzuri ya taso mata, ita za ta nemo mai canjinta, ba ta aiko da haƙuri kawai ba. Mace ɗaya ta riƙe takardun likita da kuɗin magani, tana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Masu zuwa dubiya kada su wuce minti 20, kuma kada kowace ta zo da nata sassaƙen. Ku daina tambayarta "me kike so", kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba. Ku buɗe randa ku duba, ku ɗaga murfin tukunya, ku kwashi wankin. Luka ya ce Maryamu ta zauna wurin Alisabatu wajen wata uku, ba leƙawa ta yi ta wuce ba.

Ku kira Fada yanzu. Shafewar marasa lafiya ba ta mai shirin mutuwa kaɗai ba ce, Yaƙub 5:14 cewa ya yi in wani yana ciwo a kira dattawan ikilisiya. Jinkirin da ake yi don kada a tsorata majiyyaci shi ke sa a kira Fada bayan ta daina magana. Ku tambaye ta tukuna, sannan ku shirya ɗakin: ƙaramin tebur ko kujera 'yar tsugune, farin ƙyalle a kai, gicciye, kyandir ɗaya da ashana, da kofin ruwan sha don ta haɗiye Jibin Ubangiji. Azumin awa ɗaya kafin karɓa bai hau kan mara lafiya ba. In za ta yi ikirari, kowa ya fita tsakar gida, har yara.

Akwai aikin da ba a cika tunawa da shi ba sai an makara. Ku taimaka mata ta tattara takardar aure ta magajin gari, da takardar rasuwar mijin, da takardun haihuwar yaran, da na fili ko na haya, da katin baftismar kowa. A yi kwafi biyu-biyu, a ɗauki hotonsu a salula, kwafi ɗaya ya kwana a gidan wadda ita ta zaɓa da bakinta. Ku karɓi lambar wani babba a danginta, ku riƙa sanar da shi halin da ake ciki kowace Lahadi, don kada a wayi gari a ce kun ɓoye. Ku haɗa kuɗi ku ba da Misa don mijin, ku rubuta ranar da ya rasu a littafin taronku da ranar 2 ga Nuwamba ta tunawa da matattu. A waɗannan ranaku biyu wata ta je ta ɗauko ta da kabu-kabu, kada ta shiga coci ita kaɗai.